Tafiyar ƙafa zuwa Santiago: daga ina ya kamata in tashi?

Rifkatu: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ina aikin jinya a Ingila, kuma ina da hutun sati biyu a watan Satumba. Na ƙudura in yi tafiyar ƙafar nan ta Sifaniya da ake kira Camino, wadda ake bi ta ƙauyuka da gonaki har babbar majami'ar Santiago de Compostela, inda aka ce kabarin Manzo Yakubu yake. Hanyar da aka fi bi tana tashi daga wani ƙaramin gari a Faransa, Saint-Jean-Pied-de-Port, kusan kilomita 780, tana cin wata guda da 'yan kwanaki. Ni ba ni da wannan lokacin. Na ji cewa in mutum ya tashi daga Sarria, kimanin kilomita 115, ana ba shi takardar shaida. Sai wani da muke coci ɗaya ya ce mini wannan ba ziyara ba ce, yawon buɗe ido ne. Maganar ta tsaya mini a rai. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah me kuka gani?

Dauda: Anti Rifkatu, barka da wannan niyya. A León nake karatu, hanyar ta ratsa tsakiyar garin, kullum da asuba ina jin ƙarar sandunansu a kan titi. Ga yadda ƙa'idar take. Ofishin masu ziyara a Santiago yana ba da takardar da ake kira Compostela ga wanda ya yi aƙalla kilomita 100 a ƙafa, ko 200 a keke. Shaidar ita ce wani kati mai ninki da ake buga wa hatimi a masauki, ko coci, ko wurin shan shayi. A kilomita 100 na ƙarshe hatimi biyu ake so kowace rana. Sarria ne babban gari na ƙarshe kafin wannan iyaka, shi ya sa ya fi ko'ina yawan masu tashi. A wajen ofis dai babu wanda zai ce miki komai.

Kada ki manta da biza. In fasfo ɗin Najeriya ne a hannunki, takardar zaman Ingila ba za ta shigar da ke Sifaniya ba, sai da bizar Shengen. Ki fara nema tun yanzu.

Baba Istifanus: 'Yata, wanda ya faɗa miki wannan magana, ki tambaye shi daga ina hanyar take farawa. Saint-Jean ba farkon komai ba ne, gari ne kawai a gindin duwatsun Pyrenees inda hanyoyin Faransa suke haɗuwa kafin a hau. Mutanen dā ƙofar gidansu suke rufewa su kama hanya, in sun isa kuma su juyo a ƙafa. Bishop Godescalc ya taso daga Le Puy, can cikin Faransa, wajen shekara ta 950, nisan da ya ninka na Saint-Jean. Mutanen Sifaniya da yawa a yau daga Roncesvalles suke tashi, zangon farko bayan an tsallake duwatsun zuwa ƙasarsu. Mai kilomita 780 ba shi da bakin raina mai 115, don akwai wanda ya fi shi.

Duk da haka ni ba zan so ki tashi daga Sarria ba, kuma dalilina daban ne. Na yi tafiyar bayan na yi ritaya daga koyarwa, kuma abin da na gani shi ne kwanakin farko na jiki ne. Ƙafa tana ciwo, kafaɗa tana ciwo, tunaninka duk yana kan ina zan kwana, me zan ci, yaushe safata za ta bushe. Sai jiki ya saba ya yi shiru, sannan zuciya take samun fili. Daga Sarria kwana biyar ne ko shida. Daidai lokacin da jikinki zai daina gardama da ke, kin riga kin iso. Ga kuma cunkoso. A 2024 mutum kusan 500,000 suka karɓi takardar nan, kuma kaso mai yawa ta wannan ɗan zangon suka bi. Za ki tarar da 'yan makaranta ayari ayari, da waƙa a waya, da tseren neman gado tun kafin gari ya waye.

Tunda kina da sati biyu, ki ja baya. León kimanin kilomita 310 ne, Astorga kimanin 260, Ponferrada 200 da 'yan kai.

Hannatu: Ni dai tambayata ɗaya. Kuɗin jirgi, kuɗin biza, masauki, abinci. Da wannan kuɗin yara nawa za a biya wa makaranta a sansanin 'yan gudun hijira a gida? Ban ce kada ki je ba Yaya, amma ki auna.

Fasto Bulus: Da izinin Baba, ina da magana da ta fi ta nisa. Ayyukan Manzanni 12:2 ya gaya mana Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, kuma a Urushalima abin ya faru. Babu aya ko ɗaya da ta ce ya je Sifaniya, balle ta ce an ɗauki gawarsa a jirgin ruwa zuwa can. Sai bayan shekara kusan 800 aka ce wani mai zaman kaɗaici ya ga haske a daji, aka tono kabari, Sarki Alfonso na Biyu ya gina coci a kai. Martin Luther ya yi wa abin kaca-kaca, ya ce babu wanda ya san ko ƙashin waye a wurin, har ya ce wataƙila ma na dabba ne. Kuma Ubangiji da bakinsa ya gaya wa matar nan Basamariya a Yohanna 4 cewa lokaci na zuwa da ba a wannan dutse ba, ba kuma a Urushalima za a yi sujada ba, sai cikin ruhu da gaskiya.

Abin da nake tsoro shi ne mutum ya ɗauka wahalar ƙafa tana sayen gafara. Mun riga mun ga yadda tafiyar Isra'ila ta zama a wurinmu: a je a dawo a liƙa JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan suna, hali kuma yana nan yadda yake.

Baba Istifanus: Fasto, ba zan yi maka musu a kan tarihi ba. Ni ɗan Katolika ne, kuma na san babu wata hujja daga zamanin manzanni da ta kai Yakubu can. Har ma an taɓa ɓoye ƙasusuwan a 1589 don tsoron harin jiragen Ingila, wurin ya ɓace wa mutane, sai a 1879 aka sake tono su, Paparoma Leo na 13 ya amince da su a 1884. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba bangaskiyarsa ba ta ragu ba, don ba ya cikin abin da muke furtawa a shaidar bangaskiya.

Amma Yesun da ya yi maganar Yohanna 4 shi ne ya riƙa hawa Urushalima a ƙafa lokacin idi, tun yana ɗan shekara 12. Zabura 120 zuwa 134 waƙoƙin masu tafiya ne, a hanya ake rera su. Na sha karanta Zabura 121 a kan benci, amma sai da na ɗaga ido na ga dutsen da zan hau da jaka a baya na ji nauyin ayar farko.

Bari in ba ku labarin wurin da ya fi yi mini aiki, kuma babu kabari a cikinsa. Tsakanin Burgos da León akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da suke kira Meseta, kusan kilomita 180. Alkama ce iya ganinka, in an girbe sai kara da jar ƙasa, kamar ka miƙe hanya a ƙasar Daura bayan kaka. Inuwa sai ka yi da gaske. Akwai wani zango daga Carrión de los Condes zuwa Calzadilla de la Cueza, kilomita 17 babu ƙauye ko ɗaya. Masu gaggawa da yawa bas suke shiga su tsallake wurin, sun ce babu abin kallo. Gaskiyarsu ce, babu. To a nan ne na rasa abin da zai ɗauke mini hankali, sai na sami kaina ina kiran sunayen mutanen da na riƙe a zuciya shekara da shekaru, ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɗan'uwana da muka ɓata a kan gonar gado. Daga wani ƙauye a can na kira shi. Ban sayi gafarar Allah da ƙafata ba, Fasto, ita kyauta ce. Amma ni mutum ne mai taurin kai, a gida da rediyo da baƙi da hidimar coci ban taɓa zama na saurara ba.

Fasto Bulus: Wannan kam na karɓa, Baba. In haka ne ba mu da nisa da juna. Sai dai ina roƙon 'yar'uwarmu kada takardar ta zama ita ce manufa.

Anti Talatu: Ku yi haƙuri in shigo, don ni daga Sarria na tashi kuma ba na jin kunyar faɗa. Gwiwata ba ta da lafiya, likita ya ce kada in wuce abin da zan iya. Har jakata ma mota ce take kai mini masauki na gaba, ana biyan 'yan yuro kaɗan kowace rana. Wasu matasa sun riƙa kallon ƙaramar jakar hannuna suna taɓe baki. Ya yi mini zafi ƙwarai, don ba su san cewa kowane gangare da hawaye nake saukarsa ba.

Baba ya yi gaskiya a kan cunkoso, amma akwai dabara. In ka ƙi kwana a manyan zangunan da littattafan jagora suka tsara, wato Portomarín, Palas de Rei, Arzúa, ka tsaya a ƙananan ƙauyukan da ke tsakani, da safe hanya taka ce kai kaɗai. Kuma Galisiya, yankin da Sarria da Santiago suke, ƙasa ce mai daɗin ido. Kore shar, hazo da safe, shanu suna bin hanya ɗaya da kai, kashinsu ko'ina. Kusan kowane gida da rumbunsa na dutse ko katako, dogo siriri, an ɗora shi kan ginshiƙai da faffaɗan dutse a kai don ɓera ya kasa hawa. Na daɗe tsaye ina kallon ɗaya, tsohuwar gidan ta fito ta buɗe ta nuna mini masarar da ke ciki. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa.

Dauda: Anti Talatu, akwai abin da zai ƙarfafa ki. A Villafranca del Bierzo, kafin a hau dutsen shiga Galisiya, akwai wata tsohuwar coci mai ƙofa da ake kira Ƙofar Gafara. Tun ƙarnonin baya, mai ziyarar da ciwo ya hana shi ƙarasawa, in ya kai wannan ƙofa, ana lissafa shi daidai da wanda ya isa Santiago. Wato tun can Ikkilisiya ba da awon kilomita take duba mutum ba.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, abokin Dauda, shi ya sa ni a nan, kuma ina bin maganar da sha'awa. Kakanninmu sun san irin wannan tafiya. Kafin jirgin sama, alhazai daga Kano da Sakkwato da Katsina ta Borno suke bi, su ratsa Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna tsayawa suna noma ko ƙwadago su tara guzuri. Wasu shekaru suke yi a hanya, wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau, irin mutanen Mai Wurno a bakin kogin Nil. Tsofaffinmu ma sun yi irin gardamar nan, wai hajjin jirgi bai kai na ƙafa ba. Malamai suka ce hajji ya inganta, ladan wahala kuma Allah ne ya san shi.

Tambayata ita ce, na ji an ce a cocin akwai gunkin wannan manzo a kan doki yana sare Musulmi. Gaskiya ne?

Baba Istifanus: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye maka ba. Lokacin yaƙe-yaƙen sarakunan Kirista na arewa da daular Andalus, aka ƙirƙiro labarin cewa Yakubu ya bayyana a kan farin doki a wani yaƙi a Clavijo. Masana tarihi ba su yarda an ma yi wannan yaƙin ba. Amma siffar ta bazu, za ka gan ta a coci da yawa a hanya, a Logroño ma akwai babba a saman ƙofa. Ni duk inda na gan ta raina yakan ɓaci. Masunci ne daga Galili wanda aka sare da takobi, aka zo aka damƙa masa takobi a hannu. Mu da muka fito daga Kaduna da Jos mun san abin da irin wannan hoto yake haifarwa.

Akwai ɗaya ɓangaren kuma. A 997 Almansur, mai riƙe da mulkin Kurɗuba, ya ci Santiago da yaƙi, ya rushe cocin, ya sa aka kwashe ƙararrawarta zuwa Kurɗuba. Amma kabarin bai taɓa shi ba, ya hana sojojinsa. Ƙararrawar ta koma bayan 1236. A hanya yau za ka haɗu da kowa, masu addini da marasa addini, 'yan Koriya ta Kudu da yawa, babu wanda zai tambaye ka abin da ka yarda da shi kafin ya ba ka gado.

Malam Sani: Na gode da ba ka kewaye maganar ba, Baba. Allah ya ƙara girma.

Hannatu: Ba wanda ya amsa mini tambayata fa.

Rifkatu: Ƙanwata, na ji ki, kuma kin san ba na wasa da abin da nake aikawa gida. Ba zan taɓa shi ba. Kuɗin hutuna ne. Shekarun nan na rufe idon mutane da yawa a wurin aiki, na dawo ɗaki na kwanta, gari ya waye na koma. Addu'ata ta bushe. Ina bukatar wurin da zan yi kuka ba tare da ƙararrawar majinyaci ta kira ni ba.

Hannatu: Ki yafe ni Yaya, ban san haka abin yake ba. Ubangiji ya raka ki.

Dauda: Game da kuɗi, tafiyar ba ta da tsada kamar yadda ake zato. Masaukan gwamnati da na coci su ne mafi araha, gado mai hawa biyu a babban ɗaki, kwana ɗaya kacal ake yarda, ana rufe ƙofa wajen ƙarfe 10 na dare, a fita kafin 8 na safe. Wasu ma babu farashi, abin da ka iya za ka saka a akwati. Sai dai kada a mai da wannan kyauta, don abin da ka saka yau shi ne abincin na gobe.

Baba Istifanus: Irin wannan na kwana a Grañón, a cikin ginin cocin kansa. Katifa a ƙasa, kowa ya sa hannu a girki, wani na yanka albasa wani na wanke kwano. Akwatin kuɗin a buɗe yake, da rubutu cewa ka ajiye abin da za ka iya, ka ɗauki abin da kake bukata. Masu kula da wurin 'yan sa-kai ne da suka taɓa yin tafiyar suka dawo yi wa wasu hidima. Kuma ku sani hanyar nan ta kusa mutuwa. A farkon shekarun 1980 masu isa Santiago a ƙafa ba su taka kara sun karya ba. Wani fada na ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, shi ya bi ta da gwangwanin fenti yana zana kibiya mai ruwan ɗorawa a kan duwatsu da bango da itatuwa. Ita ake bi har yau. Ya rasu a 1989, kabarinsa na cikin cocin ƙauyen. In kin hau can, ki shiga ki gode wa Allah dominsa.

Yohanna: Ga mu da ba mu da hanyar bizar Turai, a Afirka ma akwai. Kowace 3 ga Yuni ana taruwa a Namugongo kusa da Kampala don tunawa da shahidan Uganda, 22 'yan Katolika da 23 'yan Anglika, da Sarki Mwanga na Biyu ya sa aka kashe tsakanin 1885 da 1887. Mutane suna takowa daga arewacin Uganda, daga Kenya da Tanzaniya, sati biyu ko fiye a hanya, suna kwana a coci da makarantu, har da tsofaffi. Kuma a nan babu gardamar ko waye a kabarin.

Fasto Bulus: Wannan ita ce wadda ni zan so in je, in Ubangiji ya yarda.

Rifkatu: Na gode ƙwarai, kun sauke mini nauyi. Na duba taswira, ina ganin Astorga zan tashi. Me zan tarar?

Dauda: Zaɓi mai kyau. Jirgin ƙasa da bas duk suna zuwa Astorga daga Madrid. Ranar farko ki tsaya a Rabanal del Camino, kimanin kilomita 20, akwai sufaye 'yan Benedict da suke rera addu'ar yamma a ƙaramar cocin ƙauyen, kowa na iya shiga. Washegari za ki hau zuwa Cruz de Ferro, gicciyen ƙarfe a kan dogon gungume, wajen mita 1,500 sama da teku. Al'ada ce mutum ya zo da ɗan dutse daga gida ya ajiye a gindinsa. Gangaren da ke biye zuwa Molinaseca shi ne abin tsoro, duwatsu ne masu zamewa, ki riƙe sanda biyu kuma kada ki yi sauri. Daga nan Ponferrada, gonakin inabin Bierzo, a Satumba ma lokacin tsinka ne, sai hawan O Cebreiro.

Anti Talatu: Takalmi, 'yata, takalmi. Kada ki sayi sabo ki tafi da shi. Ki saya yanzu, ya ɗan fi ƙafarki girma don ƙafa tana kumbura, ki riƙa zuwa aiki da shi. Ki shafa basilin kowace safiya kafin safa. Da kin ji wuri ya fara zafi ki tsaya nan take ki liƙa filasta, kada ki jira ya yi bororo. Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinki. Kaya biyu sun isa, ɗaya a jiki ɗaya a igiya. Ki duba ɗinkin katifa saboda kuɗin cizo, kuma kada ki ɗora jaka a kan gado. Ki tafi da abin toshe kunne, munsharin ɗakin mutum 40 ba wasa ba ne. Rigar ruwa dole, Galisiya ba ta da alkawari. Sannan ki ƙulla yajinki a leda, abincinsu ba barkono.

Baƙar fata ba mu da yawa a hanyar, za a kalle ki a ƙananan ƙauyuka. Ni dai ban gamu da wulaƙanci ba, tambaya ce ta fi yawa. Fasfo ɗinki ya zauna a jikinki, kowane masauki sai sun rubuta shi.

Rifkatu: Katon kaskon turaren nan na majami'ar Santiago da nake gani a bidiyo, kullum ake kaɗa shi?

Baba Istifanus: A'a, kada ki sa rai har ki ji ciwo in ba ki gani ba. Nauyinsa ya haura kilo 50, mutum takwas ke jan igiyarsa, kuma sai a manyan ranakun idi ko in wata ƙungiya ta ɗauki nauyi. Sujadar masu ziyara dai kullum ana yi da ƙarfe 12 na rana, ana karanta ƙasashen waɗanda suka iso da inda suka taso. Ba a shiga da jakar goyo, ki ajiye ta a masauki tukuna. In kina son ranar da za a ambaci Najeriya, ki karɓi takardarki da wuri, don daga rajistar ofis suke ɗauko jerin.

Yohanna: Baba, shekarar da ake buɗe Ƙofa Mai Tsarki ta majami'ar Santiago fa, yaushe ce ta gaba?

Baba Istifanus: 2027, duk shekarar da 25 ga Yuli ta faɗo ranar Lahadi. Amma wanda yake neman shiru kada ya zaɓi wannan shekarar. Rifkatu, ki bar kwana ɗaya a cikin lissafinki wanda ba ki tsara masa komai ba, ƙafa takan nemi hutu ba tare da ta yi shawara da ke ba. Kuma ki turo mini lambar jirginki ta akwatin sirri, zan sa matan zumunta su riƙe ki cikin addu'a.